Daga Bomo Zuwa Sabon Gari: Ina Ya Fi Daɗin Zama?

Bomo ba ta cikin wuraren da ake kai baƙo idan ya zo Zariya. Fadar Sarkin Zazzau ake kai shi, a nuna masa abin da ya saura na ganuwa, a hango masa dutsen Kufena, in ɗan boko ne a zaga da shi Jami'ar Ahmadu Bello. Bomo kuwa tana nan maƙale a bayan Samaru, tana ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Sabon Gari a Jihar Kaduna. Sai ɗalibi ya yi shekara huɗu a Samaru yana cin masarar Bomo da tumatirinta, ya karɓi digirinsa ya tafi, bai taɓa taka garin ba.

Abin da ya sa muka zaɓe ta shi ne, da wuya a sami inda ƙauye da birni suka zauna kusa da juna kamar nan. Daga Bomo zuwa Samaru ɗan taƙi ne a kan acaɓa. Daga Samaru zuwa kasuwar Sabon Gari kuma ba a cin awa guda a mota. Ke nan a yini ɗaya mutum zai iya karyawa da koko a ƙauye, ya ci abincin rana a garin 'yan makaranta, ya yi la'asar a tsakiyar hayaniyar kasuwa. Mu ɗalibai ne da muke zaune a Samaru, wasunmu 'yan birnin Kano da Kaduna, wasu daga ƙauyukan Katsina da Jigawa, kuma musun nan na ina ya fi daɗin zama ya daɗe yana hana mu barci a ɗakin kwana. Shi ya sa muka bi wuraren uku da ƙafarmu, muka kawo muku abin da muka gani, ƙannenmu na sakandare.

Abu na farko da ke tarar mutum a Bomo shi ne shiru. Ba wai babu motsi ba ne, akwai injin niƙa, akwai babura, akwai ɗalibai masu zuwa makarantar sakandare ta gwamnati da ke garin. Amma kunnen da ya saba da ƙahon motocin titin Sakkwato sai ya ji kamar an cire masa wani abu. Da damina gonaki suna zuwa har gindin katangar gidaje: masara, dawa, wake, waken suya, barkono. A fadama akwai rake da kayan lambu. Akwai kuma tafkin Bomo, wanda ɗaliban kimiyyar halittu na jami'armu suke zuwa ɗibar ruwansa da kifinsa don bincike. Yankin yana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba, wato damina mai tsawo idan aka kwatanta da ta Katsina ko Sakkwato. Abokanmu da suka fito daga can arewa sun daɗe suna kallon tsayin karan dawa suna jinjina kai.

Gaisuwa a nan aiki ce mai zaman kanta. Ba a wuce dattijo a bakin gona a ce sauri ake yi. Sai an rage tsawo an ce, "Baba, sannu da aiki, ya damina?" shi kuma ya amsa, "Yawwa 'ya'yana, daga makaranta kuke?" Daga nan sai tambayar garinku da ta iyayenku. 'Yan birnin cikinmu da farko sun ɗauka bincike ne. Daga baya suka gane cewa hanyar da gari ke sanin wanda ya shigo ke nan, kuma wanda aka san asalinsa ba ya rasa ruwan sha da inuwa.

To amma wannan sanin juna kaifi biyu gare shi, kuma a nan ne musunmu ya fi zafi. Wanda ya tashi a ƙauye ya san cewa idan ya kwanta rashin lafiya, kafin azahar rabin unguwa sun zo dubiya, wani ma ya kama masa noman gonarsa. Idan aka yi rasuwa ba a neman masu haƙa kabari da kuɗi. Haka kuma ya san cewa idan ya sayi sabon takalmi, kafin magariba an san kuɗinsa, an kuma fara lissafin inda ya samo. 'Yan matan cikinmu su suka fi nanata wannan. Suka ce samari suna yabon ƙauye ne saboda ba su ke surfe ba, ba su ke jan guga ba, ba su ke hura icce da damina hayaƙi na cika masu ido ba. Suka ce yarinyar da ta gama sakandare tana son ta wuce jami'a, a ƙauye sai ta sha tambayar "yaushe ne bikin?" sau goma kafin sakamakon jarrabawarta ya fito. A birni ma ana yi, amma a can akwai wadda za ta nuna ta ce ga wance ta yi karatu kuma ta yi aure lafiya. A ganinmu wannan hujja ce mai nauyi, kuma babu namijin da ya iya rushe ta a cikinmu.

Samaru ita ce matakala ta biyu, kuma tarihinta abin sha'awa ne ga mai wannan musu, domin noma ne ya haife ta. A 1922 Turawan mulkin mallaka suka kafa tashar binciken aikin gona a nan. Ma'aikata da leburori suka taru, gari ya fara tsiro. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoba na 1962, tashar ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta jami'ar, wadda aka fi sani da IAR. Idan kun taɓa ganin buhun iri an rubuta SAMMAZ ko SAMPEA ko SAMSORG ko SAMNUT a jikinsa, to haruffa ukun farko daga sunan Samaru aka ɗauko su: masara, wake, dawa da gyaɗa ke nan da aka inganta a nan. A ƙarshen 2019 aka amince da fitar da waken SAMPEA 20-T, wanda tsutsar da ke huda kwanson wake ba ta iya masa, aikin da Farfesa Mohammad Ishiyaku ya jagoranta. Masu binciken sun ce manomin da ke feshi sau 6 zuwa 8 zai iya komawa sau 2. Akwai masu adawa da irin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta, kuma muhawarar ba ta ƙare ba. Abin da muke so ku lura da shi dai shi ne, ilimin da manomin Gusau ko na Azare ke amfani da shi yana fitowa ne daga maƙwabtan Bomo.

Wani abin da muka karanta a laburare ya ƙara mana girmama mutanen da muka gaisa da su a bakin gona. A wajen 1966 da 1967 wani masanin tattalin arzikin noma mai suna David Norman ya yi nazarin ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau: Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi. A lokacin malaman gona da yawa suna ganin haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya rashin wayewa ne, suna so manomi ya shuka abu ɗaya a jere. Da aka zauna aka auna aikin da amfanin, sai aka ga manomin ya san abin da yake yi: idan wani amfanin ya ƙi, wani zai yi, kuma ƙarfin da ya zuba a lokacin da aiki ya fi matsewa bai tafi a banza ba. Wato mai fartanya ne ya koya wa mai digiri. Duk wanda ya sake ce maka "baƙauye" da nufin zagi, kana iya ba shi wannan labari.

Amma ku riƙe sunan Hanwa, za mu dawo kansa.

Samaru ta yau gari ce mai rayuwa da numfashin ɗalibai. Shagunan buga takardu da kwamfuta, masu shayi, masu gyaran waya, masu awara da masu gurasa, gidajen haya a Hayin Dogo da Danraka. (Sunan Hayin Dogo ma daga layin dogo ya samo asali, wanda ya tashi daga Zariya ya nufi Gusau da Ƙauran Namoda.) A nan za ka zauna benci ɗaya da Bayarabe da Tibi da Babarbare da ɗan Nijar, ka ji Hausa kala-kala. Yawancinmu a nan muka fara sanin cewa ana iya saɓa wa mutum a ra'ayi a ci abinci kwano ɗaya. Wannan riba ce da ƙauye ba ya bayarwa cikin sauƙi, domin a can kusan kowa danginka ne ko surukinka.

Sai dai garin da ya dogara da abu ɗaya yana da rauninsa. A 2022 malaman jami'o'i sun yi yajin aiki na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ɗalibai suka watse. Waɗanda suka zauna a Samaru a lokacin sun ga yadda shaguna suka yi ta rufewa, masu abinci suka rage tukunya, 'yan acaɓa suka yi ta zaman jiran fasinjan da ba ya zuwa. A daidai wannan lokaci a Bomo an yi shuka, an yi noman farko da maimai, an yi girbi. Damina ba ta san da yajin aiki ba. Ba mu ce bai taɓa su ba, domin mai kai kayan miya kasuwar Samaru ya rasa masu saye. Amma rage ciniki daban, rasa abin sawa a baki daban.

Haka aka sake gani a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira. Mutumin birni da kuɗinsa a banki ya yini a layi, ya dawo gida hannu rabbana. Mai buhun masara a ɗaka ya kai niƙa. Shi ma ya ji jiki wajen sayen magani da gishiri da man girki, wasu ma sun karyar da amfaninsu da arha don su sami tsabar kuɗi, amma yaransa ba su kwana da yunwa ba. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na wannan shekarar kuwa, kuɗin mota ya tashi, sai nisan da ke tsakanin gida da wurin aiki ya zama abin lissafi kowace safiya. 'Yan ƙauyen cikinmu da waɗannan hujjoji suke kare kansu, kuma suna da gaskiya.

Sabon Gari shi ne matakala ta uku. Jirgin ƙasa ne ya kafa shi. Da layin dogo ya iso Zariya ya wuce Kano a 1911, sai ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kasuwa daga kudu suka zo, Turawa suka ware masu wuri a wajen ganuwa. Kamfanonin sayen auduga da gyaɗa suka buɗe kantuna. Unguwar da ake kira PZ har yau sunan kamfanin Paterson Zochonis take ɗauke da shi. A ƙidayar 2006 an sami mutum kusan 290,000 a ƙaramar hukumar baki ɗaya, kuma duk mai ido ya san an wuce haka nesa yanzu.

Ba sai mun daɗe a nan ba, domin yawancinku kun san irinsa a garuruwanku. Abin da kake nema akwai shi: littafi, atamfa, kayan gyaran babur, bankuna, asibitoci masu zaman kansu, wurin koyon ɗinki ko walda ko gyaran waya. Yaron da ke da hannu yana iya shiga kasuwar Sabon Gari ba shi da ko sisi, ya yi shekara biyar a gaban maigida, ya fito da shagonsa. Ga kuma kwata mai wari, ga hayaƙin janareta, ga ɗaki ɗaya da mutum shida. Zariya ta daɗe tana fama da ƙarancin ruwan famfo, don haka 'yan garuwa da kurarsu ta jarkoki suna cikin kasafin kowane gida. A nan komai sai da kuɗi, har wurin zubar da shara. Maƙwabcinka yana iya shekara bai san sunanka ba. Wasu cikinmu wannan ne ya fi ba su tsoro. Wasu kuwa shi ne ainihin abin da suke so, a ƙyale su su yi rayuwarsu ba mai sa masu ido.

Akwai abu ɗaya da birni ya fi ƙauye da shi wanda ba a musu a kansa, wato kusanci da asibiti a tsakar dare. A wannan fanni Bomo ta yi sa'a, domin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ba shi da nisa da ita. Abokanmu da suka fito daga ƙauyuka masu nisa da kwalta sun ba mu labarin mata masu naƙuda da ake ɗauka a babur cikin taɓo. Wanda ya taɓa ganin haka ba ya jin daɗin waƙar iska mai daɗi da kukan tsuntsaye. Ga kuma matsalar tsaro. Hare-haren 'yan bindiga a ƙauyukan Giwa da Birnin Gwari sun kori iyalai da dama zuwa cikin Zariya. Su ba zaɓi suka yi ba. Idan muna musun "ni na fi son ƙauye, ni na fi son birni", yana da kyau mu tuna cewa mai zaɓi yana cikin ni'ima.

Yanzu mu koma Hanwa. Ƙauyen da aka yi nazarinsa a matsayin garin manoma a 1966, yau unguwa ce a cikin gari, da gidajen bene da makarantu masu zaman kansu da gidajen mai. Birni ya haɗiye shi cikin shekarun mutum ɗaya. Duk wanda ya bi hanyar Bomo da idon basira zai ga alamar abin da ke tafe. A tsakiyar masara sai ka ga an kafa duwatsun shaidar fuloti. Gaba kaɗan ga harsashin gini, ga tarin bulo, ga gida an rufa kwano ba a sa tagogi ba. Ma'aikatan jami'a da sauran cibiyoyin da ke kewaye suna neman wurin gina gida, Samaru ta cika, fili a Bomo ya fi sauƙi. Magada kuma idan aka raba gonar da ba ta fi kadada ɗaya ba tsakanin mutum takwas, kowa kasonsa bai isa noma ba, amma ya isa fuloti. Sai a sayar. Wani ya sayi babur, wani ya yi aure, wani ya biya kuɗin makaranta.

Ba za mu zagi wanda ya sayar ba, domin ba mu muka san abin da ya matsa masa ba. Amma lissafin a fili yake. Babur yana tsufa cikin 'yan shekaru. Gonar da aka zuba wa siminti ba ta sake fitar da dawa. Ɗan wanda ya sayar zai tashi a garin kakanninsa yana sayen masara da mudu, kamar ɗan Sabon Gari, ba tare da yana da shagon ɗan Sabon Gari ba. Wannan shi ne ya fi damunmu a duk abin da muka gani, fiye da ƙura da kwata. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna tun wajen 2007 mazauna birane suka rinjayi mazauna karkara a duniya, kuma Najeriya ma ta haye wannan layi. A makaranta ana koya mana cewa mutane ne ke barin ƙauye su tafi birni. A Bomo mun ga ɗaya fuskar: kana zaune a ƙofar gidanku, birni ya zo ya same ka.

Da muka zauna kowa ya faɗi inda yake so ya zauna bayan bautar ƙasa, ba a sami rinjaye mai ƙarfi ba. Masu karatun kwamfuta da lissafin kuɗi sun ce Abuja ko Kaduna ko Legas, domin a can aikinsu yake, kuma babu amfanin yaudarar kai. 'Yan matan, in ban da ɗaya mai karatun likitan dabbobi, duk birni suka zaɓa. Masu karatun aikin gona sun rabu biyu. Abin da ya ba mu dariya shi ne, waɗanda suka fi kowa yabon ƙauye 'yan birni ne da ba su taɓa kwana uku a can ba, waɗanda suka fi ɗokin birni kuma su ne suka san zafin noman rani. Da aka matsa, mafi yawanmu wuri irin Bomo muka kwatanta ba tare da mun ambaci sunanta ba: inda za ka yi kiwon kaji da awaki, ka noma abin da za ka ci, waya tana kamawa, makaranta da asibiti suna kusa. Matsalar ita ce kowa irin wannan wurin yake so, kuma yawan masu sonsa shi ke mayar da shi birni.

Ga waɗanda suke aji shida suna shirin cike fom ɗin JAMB, akwai abin dubawa a nan. Mun san yadda ake yi: kowa likitanci, lauya, injiniya, aikin gona kuwa sai wanda aka tura. Alhali a wannan yanki kaɗai akwai tsangayar aikin gona da ta likitan dabbobi, akwai Kwalejin Aikin Gona ta Samaru, akwai cibiyar wayar da kan manoma ta NAERLS, akwai cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI a Shika, akwai cibiyar binciken fata da kirgi a Samaru. Wanda ya karanci ɗaya daga waɗannan yana iya zama a ƙauyensu da ilimin da zai ci abinci da shi. Wanda ya karanci abin da sai a ofis ake yin sa ya riga ya zaɓi birni tun ranar da ya cike fom, ko ya sani ko bai sani ba.

Idan makarantarku tana kusa da Zariya, ku roƙi malamin aikin gona ko na labarin ƙasa ya shirya maku ziyara. Ƙarshen Satumba zuwa Oktoba ya fi, lokacin da masara ta nuna, dawa ta fitar da kai. A rubuta wa cibiyar bincike takarda tun da wuri don a nuna maku gonakin gwaji, a kuma fara gaida mai unguwa kafin a shiga gonar kowa a Bomo. Ku tafi da littafi da biro, ku ƙirga fulotai nawa kuka gani a cikin gonaki tsakanin Samaru da Bomo, ku rubuta kwanan wata, ku ajiye wa 'yan ajin da ke bayanku su sake ƙirgawa baɗi.